Sunayen da Tireza Take Kaiwa Sinnar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Kulu, daga Innarki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki a Madani. Babanki na gaishe ki, ya kuma sa miki albarka. Allah ya tsare ki a jirgin ƙasa har Kosti, ya tsare ki a bisa ruwa har inda hukuma ta tura ki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga duk macen da za ki karɓi haihuwarta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kowa lafiya. Na san Larabci ya fi miki sauƙi a ido, amma abin da zan faɗa ba zai fito mini ba sai da Hausa, don haka ki zauna ki bi ajamin nan a hankali. Ran da kika zo sallama kika ce an tura ki aikin ungozoma a Kudu, wajen Wau, kin ga na tashi na shige ɗaki. Kin zaci fushi na yi. Ba fushi ba ne. Ƙasar da za ki ita ce ta riƙe yayanki Magaji, ita ce kuma ƙasar Tireza, akwai kuma abubuwa tsakanina da su biyun da ban taɓa gaya miki ba. Yanzu an yi sulhu, bindiga ta yi shiru, za ki zauna cikin mutanen da kowane gida ya binne wani, ko ya rasa gawar da zai binne. Gara ki ji kurakuraina daga bakina don kada ki je ki maimaita su.

Kin san Tireza da tsufanta, ba ki san farkonta ba. Mijinta soja ne, da shi suka zo Arewa. A lokacin yaƙin Turawa aka kwashe su aka yi gabas da su, wajen Habasha, bai dawo ba, ba a kuma kawo mata ko takalminsa ba. Ta rage ita da jariri a baya, Butrus. Ta yi sayar da shayi ga ma'aikatan dam a Makwar, daga baya ta dawo zangon 'yan ƙwadago da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, hayin garinmu, ta shiga tsinkar auduga a hawashar babanki, wato gonarsa. Nan muka saba. Layinta na kusa da nawa, muna tsinka muna hira da Larabcinmu mai gurɓi, nata na Kudu, nawa na Hausa. Butrus da Magaji sa'o'i ne, tare suka koyi iyo a tur'a, tare suka sha duka a kan satar kankana. Ran da zan haife ki ungozomar gari ta tafi garin Hajj Abdalla biki, Tireza ce ta riƙe ni, ita ta fara ɗaukar ki. Kirista ce, 'yar Katolika, tana da ƙaramin gicciye na itace a wuya. Duk shekara bayan ruwa ya ɗauke, ana shirin yankan dawa, sai ta wanke zanenta mai kyau ta hau lori zuwa kanisarsu, wato cocinsu, a Sinnar. Takan ce ranar matattu ce, za ta kai sunan mijinta a karanta. Ban taɓa tambayar ta fiye da haka ba.

Kuskurena na farko a kan yayanki ne. Ɗan fari ne, kin kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa ɗaukar sa gaban mutane ba, in ya faɗi ya fasa gwiwa kakarki ce ke rarrashi. Shekarar da auduga ta yi ta lalacewa ya ce zai shiga soja, babanki ya hana har ya gaji. Bayan horo aka ba su kwana kaɗan su yi sallama da gida. Safiyar tafiyarsa ina tsugune ina zuba ƙullun kisra a kasko, ya tsaya a bakin rumfa da kakinsa.

Ya ce, "Inna, zan tafi."

Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ban ɗaga kai ba.

Ya daɗe a tsaye. Ina ganin inuwarsa a kan kaskon. Ya ce, "Inna, shi ke nan?"

Na ce, "Me kuma zan ce? Ka riƙe salla."

Sai inuwar ta gushe. Tireza ce ta raka shi bakin titi, ta ƙulle masa gyaɗa da dabino, ta kama kansa da hannu biyu ta yi masa addu'a irin tasu, yana ta dariya. Ni kuwa na ƙona kisra uku a jere, na ce hayaƙi ne ke sa ni hawaye.

Kulu, kunya tarbiyya ce, ban ce ki zubar da ita ba. Amma ban san wanda na burge da kawaicin ran nan ba, na dai san wanda na hana. In Allah ya ba ki 'ya'ya, ki dube su in suna magana. In wani ya tsaya miki a bakin ƙofa zai yi tafiya, ki ajiye abin da ke hannunki ki miƙe. Kisra tana jira.

Bayan tafiyarsa da shekara guda Butrus ma ya tafi Kudu, neman dangin ubansa da shanun aure. Hanyoyi suka rufe a bayansa. Daga baya muka ji raɗe-raɗin ya shiga daji wurin masu yaƙi da hukuma. Tireza ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Muka ci gaba da tsinkar auduga kafaɗa da kafaɗa, kowa da abin da take haɗiyewa.

Sai ran nan da hantsi umda, mai garinmu, ya yi sallama da babanki, da takarda a hannu, da wata akwatin kwano. A ciki akwai bargo, da jallabiyar da na ɗinka masa, da carbinsa. Aka ce an yi musu kwanton ɓauna a hanya tsakanin wasu ƙauyuka biyu, an binne su a inda suka faɗi. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da zan nuna in ce ga shi. Kin tuna zaman makokin. Abin da ba ki gani ba, don an kai ki gidan gwaggonki, shi ne abin da ya faru rana ta uku.

Mata cike da tsakar gida sai ga Tireza. Ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta ƙullo sukari da bun na gahawa a gefen zane, idanunta sun kumbura. Wata daga bayana ta ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Danginta ne suka kashe shi, ita kuma ta zo gaisuwa." Tireza ta durƙusa gabana ta miƙo hannu ta ce, "'Yar'uwata, ɗanmu ya tafi."

Na dube ta na ce, "Ɗanmu? Naki yana daji da bindiga. Tashi ki fita mini daga gida."

Ta kwance ƙullin ta ajiye a gefen tabarma, ta miƙe ta fita. Na sa aka zubar da sukarin a bayan gida. Da lokacin tsinka ya zo na ce wa babanki in ta taka hawasharmu ni ba zan taka ba. Ya ce, "Habi, matar nan me ta yi miki?" Na ce na faɗa. Shekarar nan sai da ta riƙa tafiya mai nisa a ƙasa zuwa gonakin wasu, tana dawowa bayan la'asar tana jan ƙafa.

Ɗiyata, baƙin ciki yana neman wanda zai kama, yakan kuma kama na kusa, don shi hannu ke kaiwa. Wanda ya harbi yayanki ban san shi ba, ba zan taɓa sanin sa ba. Wadda ta wanke ki ranar haihuwarki ita na kora. Can inda za ki, wata za ta ji Larabcinki ta ga mayafinki ta juya miki baya, wata ma za ta ƙi ki taɓa ta tana tsakiyar naƙuda, don sojan da ya ƙona garinsu da irin harshenki ya yi magana. Kada ki yi zuciya. Ki tuna uwarki ta yi abin da ya fi wannan. Ki tsaya kusa, ki jira, ki yi aikinki in ta yarda.

Shekara ta zagayo. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ke tuƙin lori ta shigo ta ce mini, "Kin ji kuwa? An ce a kanisar Sinnar an kira sunan Magaji cikin matattunsu." Ban ko sa takalmi ba na tsallaka gadar tur'a na nufi zango. Na same ta a ƙofar bukkarta tana tsince wake.

Na ce, "Wa ya ba ki izini ki kai sunan ɗana wurin bautarku? Kun kashe shi bai isa ba, sai kun bi shi lahira kun ɓata masa addini?"

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Zauna, Uwar Magaji."

Na ce ba zan zauna ba.

Ta ce, "To ji a tsaye. Ban mai da shi Kirista ba, ba ni da ikon haka. Musulmi ya rayu, Musulmi ya mutu. Mu an koya mana cewa wanda ya mutu bai yanke daga gare mu ba, addu'a tana isa gare shi kamar yadda ake kai wa mai aikin gona abinci. Shekara nawa ina kai sunan mijina, ba ni da kabarinsa, sunan kawai nake da shi. Da na ji Magaji ma ba shi da kabari, sai na kasa kai ɗaya in bar ɗaya. Ya ci tuwo a wannan ƙwaryar. Me zan ce wa Allah in ya tambaye ni?"

Na ce, "Wa ya sani ko ɗanki ne ya harbe shi."

Wallahi Kulu, har yau in na tuna wannan magana sai harshena ya yi ɗaci. Tireza ta dube ni. Sannan ta ce, "Kina tsammani ban yi wannan tunani ba? Kullum da shi nake tashi. Kafin takardar umda ta zo kuma, da ɗayan tunanin nake tashi, ko Magaji ne zai harbi nawa. Ke ma kin yi shi, na sani, muna layi ɗaya muna tsinka."

Na juya na tafi. Da na gaya wa babanki, ina jira ya tashi ya je ya yi faɗa, sai ya ce, "Addu'arta tata ce, tamu tamu ce, karɓa kuma ta Allah ce. Ba ta cire masa kalmar shahada daga baki ba. Mu mun yi masa sadakar uku da bakwai da arba'in mun naɗe tabarma. Ita har yau ba ta naɗe ba." Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: kafin ki yi fushi da ibadar wani, ki tambaye shi me yake nufi da ita, ki kuma tsaya ki ji amsa. Ki riƙe sallarki da azuminki, kada ki sassauta ko kaɗan don kina cikin baƙi. Amma wanda ya durƙusa yana roƙa wa naki rahama ba maƙiyinki ba ne, ko wace alƙibla ya fuskanta.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyin faɗa. Bayan shekara biyu wani mutumin garinsu ya gudo Arewa, ya kawo wa Tireza labarin Butrus. Soja sun kewaye ƙauyen da suka kwana, aka kashe su da dama, mutanen ƙauye suka binne su rami ɗaya. Labarin ya iso mini ina wanke-wanke. Zan gaya miki gaskiya, don in na ɓoye wannan sauran takardar ba ta da amfani. Abin da na fara ji a ƙirjina sanyi ne. Na ce a raina, yanzu ta san yadda yake. Yaron da na goya sa'ad da uwarsa ke zazzaɓi, yaron da ke ce mini Inna da bakinsa na Hausa fes, aka ce ya mutu na ji sanyi. Na yi istigfari a kan wannan fiye da yadda na yi a kan komai a rayuwata.

Babanki ya je ta'aziyya shi da liman. Ya dawo ya ce, "Ta tambaye ki. Ta ce ko ƙafar nan taki ta warke." Ban je ba. Da farko taurin kai ne, daga baya kunya ce, don kowace rana da ta wuce tana ƙara wa zuwan nauyi. Har aka fi wata biyu.

Allah ne ya haɗa mu a gadar tur'a, kin san ba ta ɗaukar mutum biyu. Tana tahowa da garwar ruwa a ka, ta rame har zanen na zamewa. Ba hanyar kaucewa. Ta sauke garwar, ita ta fara gaishe ni. Ta ce, "Uwar Magaji, ya haƙuri?" Ita da ba ta yi wata uku da jin mutuwar ɗanta ba, ni take yi wa ya haƙuri. Na zauna a kan gadar nan na yi kukan da ban yi ba ran da akwatin kwano ta zo. Ta zauna kusa da ni, muka yi tare, masu jakuna suna jira ta kowane gefe ba wanda ya ce mu tashi.

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun kafin in kai zaure ran nan. Kullum muna roƙon Allah ya yafe mana kamar yadda muke yafewa, in na riƙe ki kaina na rufe wa ƙofa. Tashi ki taya ni ɗaukar ruwan nan."

Kada ki jinkirta ta'aziyya, Kulu. Ko tsakaninku da gaba, ki je ran farko. Ba sai kin iya magana ba, zama ma ya isa. In kuma kin ji wani mummunan abu ya motsa a zuciyarki a kan masifar wani, kada ki yi masa ado, ki kira shi da sunansa gaban Allah ki nemi tsari.

Shekarar nan da ruwa ya ɗauke ta ce mini, "Bana sunaye uku zan kai, ƙafata kuma ba ƙarfi. Za ki raka ni?" Na nemi izinin babanki, ya ce je ki. Muka hau lori daga Wad Haddad da sassafe. A hanya na ce mata ni ba zan shiga ba. Ta ce, "Ban ce ki shiga ba. Akwai dogon yaro a bakin taga, yana da inuwa."

Kanisar ƙarama ce, ta jan bulo. Mutanen Kudu ne cike, masu aikin dam da masu wanki da masu gadi, yawanci mata da baƙaƙen ɗankwali. Wani dattijo na zaune a bakin ƙofa da littafi yana rubuta sunaye. Da muka iso gabansa Tireza ta faɗi na mijinta, ta faɗi na Butrus, sai ta juyo gare ni.

Ta ce, "Shekara uku ina sa a rubuta Magaji. Na san ba shi ne sunansa na gaskiya ba, amma ban taɓa jin kin kira shi da wani ba, na kuma ji nauyin tambayar babansa. Me aka raɗa masa?"

Dattijon ya ɗaga alƙalami yana jira. Kulu, shekara ashirin da wani abu yaron nan ya yi a duniya, sunan bai taɓa bi ta bakina ba. Na buɗe baki iska ce kawai ta fito. Na sake. Na ce, "Isiyaku." Dattijon bai ji ba, ya kara hannu a kunne. Sai na faɗa da ƙarfi, har na kusa suka waiwayo: "Isiyaku ɗan Sani." Ya ce, "Ishaƙ. Muna da shi a littafinmu mu ma." Ya rubuta.

Na zauna a gindin dogon yaron ina jan carbin da ya dawo cikin akwati. Ta taga ina ganin kyandir birjik, kowa ya kunna wa nasa. Limaminsu, da suke ce wa Abuna, tsoho ne mai rawar murya. Ya ce yau za su tuna da waɗanda yaƙi ya ci, na daji da na bariki, da waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, don a gaban Allah ba a tambayar kakin da mutum ya sa kafin a ji kukan uwarsa. Sai ya fara karantawa. Duk sunan da ya kira, jama'a su amsa da roƙon Allah ya ba shi hutawa da haske. Sunaye suka yi ta zuwa, ba iyaka. Na ji Butrus. Bayansa kai tsaye na ji Ishaƙ, ɗaki guda na baƙi ya amsa masa. Ni kuma a waje na ɗaga hannu na karanta masa Fatiha da Ƙulhuwallahu, na roƙi Allah Mai rahama ya dubi Butrus da abin da ya fi ni sani.

A hanyar dawowa na tambaye ta yadda take iya tsayuwa, miji ya tafi, ɗa ya tafi, ba kabari ko ɗaya. Ta ce, "Ni na gaskata Almasihu ya mutu ya tashi, saboda haka rami ba shi ne ƙarshe ba. Wanda ya ƙirga gashin kaina ba zai manta inda ƙashin ɗana yake ba. Zan gan su. Ba don na ƙi kuka ba, ina yi. Amma kukan wanda ya raka matafiyi nake yi, ba na wanda aka yi wa sata ba." Na ce mata mu ma mun yarda da tashin ƙiyama, sadaka da addu'a kuma suna isa ga mamaci. Ta yi murmushi ta ce, "To me ya sa kika bar ni ni kaɗai shekara uku?" Ba mu zama addini ɗaya ba, ba mu kuma yi ƙoƙarin haka ba. Amma tun daga ranar, duk shekara in ta tafi Sinnar ni nakan dafa abinci in raba sadaka, in sa yara su yi karatu, in kuma faɗi sunan da bakina.

Ki koyi sunayen mutane, ɗiyata. Matar da ta zo miki haihuwa, ki tambaye ta sunanta da na waɗanda ta rasa, in tana son faɗa ki saurara har ta gama. Kada ki tambaye ta wane ɓangare suke.

Saura na ƙarshe, shi ne kuma ba ya gyaruwa. Da aka yi sulhu, mutanen zango suka fara komawa gida. Tireza ta zo ta ce tana so ta je ta ga ramin da aka sa Butrus, ta kafa masa gicciye, ta kuma nemi inda aka sa Isiyaku, don mutumin da ya kawo labari ya ce wuraren ba su da nisa da juna. Ayarin farko zai tashi da sanyi. Ni kuwa na ce, "Ki bari a gama tsinka, sai mu haɗa miki guzuri mai kyau, wataƙila ma in bi ki." Gaskiyar magana hannu muke nema a hawasha, kuma ba na son in rabu da ita. Ta ce to. Kafin a gama tsinka zazzaɓi ya kama ta. Na dawo da ita ɗakina, kwana tara ina jinya. Ran na takwas ta ce a kira mata Abuna, babanki ya hau lori da kansa ya je, ya taho da wani matashin limami, don tsohon ya rasu. Ya shafa mata mai, ya ba ta abin da suke bayarwa, muka ba su wuri. Da ya fita ta kama hannuna ta ce, "Kada ki damu da tafiyar. Ta gajeriyar hanya zan bi." Washegari da walaha ta cika. Ni da matan zango biyu da suka rage muka wanke ta, babanki da mutanen garinmu suka ɗauke ta zuwa maƙabartarsu a Sinnar. Kina tsakiyar jarrabawa, shi ya sa sai daga baya aka gaya miki.

In wani ya ce miki yana so ya je ga matattunsa, kada ki ce ya bari sai an gama wani abu. Aiki ba ya ƙarewa, mutum ne ke ƙarewa.

Bana da ruwa ya ɗauke na lura ba wanda zai kai sunayen. Na hau lori ni kaɗai. Dattijon mai littafi ya gane ni, ya miƙe tsaye. Na faɗi guda huɗu, har da nata, ya rubuta, na koma gindin bishiya. Zan ci gaba da zuwa muddin ƙafa na ɗauka ta. Wasu a gari suna magana, na bar su da Allah.

Ga abin da nake roƙon ki. A cikin takardar nan akwai wata ƙarama, babanki ya rubuta sunan ƙauyen da aka binne Butrus, da sunayen ƙauyuka biyun da ke cikin takardar umda. In kin zauna kin san gari, kin sami hutu da abokan tafiya na aminci, ki je. Kada ki je ke kaɗai, kada ki je da damina. Ki nemi limamin kanisar wurin ki gaya masa Tireza uwar Butrus ta yi niyyar kafa gicciye Allah bai nufa ba, su sun san yadda za su yi. Ki tsaya har su gama. Sannan ki tambayi tsofaffi inda aka sa sojojin da suka faɗi a hanyar. In an nuna miki, ki fuskanci alƙibla ki yi wa yayanki addu'a, ki ce masa Innarsa ce ta aiko ki.

In kuma ba wanda ya sani, ko ciyawa ta shafe wurin, kada ki yi mini ƙarya don ki sanyaya mini rai. Ki rubuto ki ce babu. Sai dai ki duba da kyau ki gaya mini irin itatuwan da ke bakin hanyar, da ko akwai ruwa kusa, da ko tsuntsaye na sauka. Ina so in san irin wurin da yake kwance.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya tsare ki daga zazzaɓi da sharrin hanya da sharrin baki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ke ma ki zama ta kirki gare su. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya dawwamar da sulhun nan, kada wata uwa ta sake karɓar akwatin kwano. Ki gai da duk wanda ya riƙe ki da alheri, ki ce uwarki na godiya.

Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Ina kewar ki tun ba ki tafi ba, Kulu.

Wassalam.

Innarki, Habi.